Daga Richmond Zuwa Lilydale: Bin Sawun Muryar Nellie Melba

Takardar kuɗi ce ta jawo wannan tafiya. Kwana uku da saukata a Melbon, babban birnin jihar Biktoriya da ke kudu maso gabashin Ostareliya, inda na je ganin ɗan ƙanwata mai karatu a can, na canji kuɗi aka miƙo mini takardar dala 100, koriya, ta roba, ɗauke da hoton wata mace mai kwarjini. Na tambayi yaron ko wata sarauniya ce daga cikin sarakunansu, sai ya ce, "A'a Kawu, mawaƙiya ce, Nellie Melba, kuma 'yar garin nan ce." Na yi shekaru masu yawa ina aikin rediyo a sashen kaɗe-kaɗen gargajiya, kuma duk mawaƙin da ya zauna gabana, tambayar da nake fara yi masa ita ce a hannun wa ya koya, wa ya yi wa amshi kafin ya tsaya da ƙafarsa. Da na ji cewa ƙasa guda ta ɗora mawaƙiya a kan takardar kuɗinta mafi daraja, wannan tambayar ce ta fara zo mini, kuma ita na yi ta bi har tsawon kwana huɗu, a ƙafa da tiram da jirgin ƙasa.

Amsar da ta fi yaɗuwa gajeriya ce: wai wata shahararriyar malama a birnin Faris, Mathilde Marchesi, ita ce ta yi ta. Melba da kanta haka ta riƙa faɗa har ƙarshen rayuwarta. Amma da na ɗora shekarun a kan juna sai lissafin ya ƙi fita. Ta isa wurin Marchesi a ƙarshen 1886 tana da shekara 25, da aure da ɗa, kuma a ranar 13 ga Oktoban 1887 har ta hau dandamalin babban gidan ofera na Burasel, wato gidan wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa, ta girgiza masu sauraro. Duk wanda ya taɓa zama da mawaƙa ya san ba a gina murya irin wannan cikin shekara guda. Ashe akwai shekara ashirin na horo da aka yi kafin nan, kuma a Melbon aka yi su.

Da safe muka hau tiram, wato taragon lantarki da ke bin tsakiyar titunan birnin, muka nufi unguwar Richmond ta gabas. Watan Mayu ne, kaka a wurinsu, ganyayen itatuwa sun yi ja suna zuba, iska kuma tana da sanyi mai ratsa riga irin na hunturu, sai dai babu ƙura. A wannan unguwa aka haifi Helen Porter Mitchell, wadda daga baya aka sani da Nellie Melba, ranar 19 ga Mayun 1861, a wani gida mai hasumiya da ake kira Doonside, a titin Burnley. Gidan ya daɗe da rushewa. Abin da ya rage shi ne wani ɗan titi mai ɗauke da sunansa, tsakanin manyan shaguna da benayen haya, kuma a bakinsa na tsaya na ɗan lokaci ina ƙoƙarin kwatanta yadda wurin yake sa'ad da kogin Yarra da ramukan yin tubali suke kewaye da shi.

Mahaifinta, David Mitchell, magini ne daga Sukotlan, ya sauka Melbon a 1852, shekara guda bayan an gano zinariya a Biktoriya. Jama'a na ta ruguguwa zuwa ramukan haƙa, shi kuwa ya lura cewa garin da kuɗi ke kwararowa cikinsa zai buƙaci gine-gine, sai ya tsaya kan sana'arsa har ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan kwangilar birnin. Mutum ne mai tsantseni, mai riƙo da ɗariƙar Firesbiteriya ta ƙasarsu, amma yana son kiɗa. Yana kaɗa gogen Turawa, yana rera waƙa da murya mai kauri a cikin mawaƙan coci. Matarsa Isabella ta iya kayan kiɗa fiye da ɗaya, har da hamoniyam, wani ƙaramin abin kiɗa mai madannai da ake hura masa iska da ƙafa, kuma ita ce malamar kiɗa ta farko ga 'yarta. 'Yan'uwan mahaifiyar mata su ma sun taimaka wajen koyar da ita karatu da kiɗa a gida. Yarinyar ta buɗe ido ne a gidan da kiɗa yake cikin hidimar yau da kullum, kamar yadda girki da addu'a suke.

Abu biyu da aka ruwaito game da ƙuruciyarta sun fi jan hankalina. Na farko, tana yawan rera waƙa da baki a rufe, sautin yana fita ta hanci, ko tana wasa ko tana aiki, har baƙi suna lura da hakan. Na biyu, tana yin fito, kuma ta iya shi sosai, abin da a wancan zamani ba a so ga 'ya mace, kamar yadda mu ma iyayenmu ba su so. Daga baya ita da kanta ta bayyana cewa wannan rerawa da baki a rufe motsa murya ce mai amfani, domin tana saba wa mutum ajiye sauti a gaban fuska ba tare da ya matsa wa maƙogwaro ba. Malaman murya har yau suna sa ɗalibansu yin haka. Yarinyar ta yi shekaru tana horar da kanta ba tare da ta san horo take yi ba, kuma ina ganin wannan ya fi kowane darasi na farko muhimmanci, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga nan muka taka zuwa titin Bridge, inda babban zauren taron Richmond yake. An sake fasalin ginin a shekarun 1930, amma a nan ne aka ce ta fara tsayawa gaban jama'a, tana yarinya ƙarama, ta rera waƙa a wani taron unguwa, aka nemi ta ƙara, ta ƙara da wata tsohuwar waƙar Sukotlan irin wadda ake rerawa a gidansu. Ba wanda ya ɗauke ta a matsayin wata baiwar Allah ta musamman a ranar. A lokacin an fi saninta da ƙiriniya da son hawan doki fiye da murya, kuma makarantar kwana ta Leigh House da aka sa ta a nan Richmond ba ta ji daɗinta ba.

Washegari na shiga tsakiyar birni ni kaɗai, yaron yana da darasi. Titin Collins shi ne titin manyan bankuna da tsofaffin majami'u, kuma a kusurwarsa da titin Russell akwai Cocin Sukotlandawa, ginin dutse mai dogon tsini wanda David Mitchell ya gina, aka kammala a 1874. Na nemi izini na shiga a matsayin baƙo mai kallo, wata dattijuwa mai kula da masu ziyara ta karɓe ni da fara'a. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta nuna mini inda mawaƙa ke tsayawa, ta ce uban da 'yar duk sun yi waƙa a nan, kuma daga nan aka ɗauki gawar Melba a 1931. Ogan ɗin da ke wurin yanzu sabo ne, ba wanda ta sani ba, amma wani yana gwada shi a lokacin, kuma na zauna a kujerar baya na saurara.

Ogan babban abin kiɗa ne mai bututu ɗaruruwa, iska ke ratsa su, mai kaɗawa yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu a lokaci guda. Melba ta koye shi tun tana budurwa, har takan kaɗa shi a coci, kuma ta ƙware a fiyano ƙwarai. A zaune a wurin na gane abin da wannan ya ba ta. Mai kaɗa ogan dole ya iya karanta rubutun kiɗa layi uku a tare, dole ya riƙe lokaci domin jama'a ɗari da ke bin sa kada su watse, dole kunnensa ya saba da sautin da ke tsayawa cak ba ya rawa. Mawaƙan ofera da yawa na zamaninta da kunne suke koyon waƙa, sai an yi ta maimaita musu. Ita kuwa tana iya zama gaban fiyano ta koya wa kanta wasa guda cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suka ji ta a raye sun fi yabon abu guda, wato yadda take faɗawa tsakiyar sauti kai tsaye ba tare da lalube ba, kuma ina da yaƙinin cewa a irin wannan kujera, ƙarƙashin irin waɗannan bututu, kunnenta ya koyi hakan.

Daga cocin na bi ta gefen majalisar dokokin jihar zuwa titin Albert a gabashin birni, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. A nan kwalejin 'yan mata ta Firesbiteriya take a da, kafin ta koma unguwar Burwood. An buɗe ta a 1875 da niyyar ba 'yan mata ilimi daidai da na maza, abin da ba a saba gani ba a lokacin, kuma Nellie Mitchell tana cikin ɗaliban farko, tana zuwa daga gida kullum. Ginin babu shi yanzu. Amma a cikinsa ne ta haɗu da malamar murya ta farko ta haƙiƙa, Mary Ellen Christian, wadda ake kira Madam Christian.

Wannan mata ta cancanci a tsaya a kanta. An haife ta a Kanada, ta yi karatun waƙa a Landan a hannun Manuel García, sa'an nan rashin lafiya ya sa ta nemi ƙasa mai ɗumi, ta zo Ostareliya. García kuwa, wanda ya rayu daga 1805 zuwa 1906, shi ne babban malamin murya na ƙarninsa a Turai. Shi ne mutumin da a 1854 ya haɗa ƙananan madubai biyu da hasken rana ya leƙa cikin maƙogwaronsa, ya ga yadda igiyoyin murya ke buɗewa da rufewa yayin waƙa, kuma likitocin maƙogwaro sun ɗauki wannan dabara daga gare shi. Koyarwarsa ta ginu ne kan numfashi daga ƙasan ƙirji, da fara sauti a tsabtace, da haɗa muryar ƙasa da ta tsakiya da ta sama yadda mai sauraro ba zai ji inda aka yi ɗinki ba. Abin da ya sa na tsaya cak a bakin titin Albert shi ne tuna cewa Mathilde Marchesi ta Faris ita ma ɗalibar García ce. Ashe salsalar ɗaya ce. Abin da Melba ta je ta tarar a Faris a 1886, reshensa ya riga ya same ta a wani aji na Melbon shekaru kafin nan, ta hannun wata malama da sunanta bai yi nisa ba. Madam Christian daga baya ta shiga zuhudu a ɗariƙar Katolika, ta ci gaba da koyar da waƙa a Sidni, a makarantar da ta sa wa sunan malaminta.

Kada a ɗauka Melbon ta wancan lokaci ƙauye ce mai jiran haske daga Turai. Kuɗin zinariya ya mai da ita ɗaya daga cikin birane mafiya arziki a daular Ingila. A shekarar da aka haifi Melba, 1861, William Lyster ya iso da ƙungiyarsa ta ofera, ya yi kusan shekara ashirin yana nuna wasannin Italiya da Faransa a gidajen wasan birnin. Jamusawa mazauna garin suna da ƙungiyoyin mawaƙa maza, majami'u suna gasar mawaƙa, shagunan fiyano suna ciniki. Da la'asar na je lambun Carlton na ga katafaren zauren baje koli mai ƙubba wanda David Mitchell ya gina domin bajekolin duniya na 1880, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Wanda ya ga girman wannan gini zai san irin garin da yarinyar ta tashi a ciki, da irin uban da take da shi.

Cikin mawaƙan da guguwar ofera ta kawo akwai wani Ba'italiye, Pietro Cecchi, mai siririyar muryar maza da ake kira tena. Ya zo da wata ƙungiya a farkon shekarun 1870, ƙungiyar ta wuce, shi ya zauna yana koyar da waƙa a titin Collins. Wajen 1880, lokacin da Nellie ke barin kwaleji, ta fara zuwa wurinsa, kuma ta yi ta ɗaukar darasi a hannunsa, da yankewa a tsakani, har zuwa 1886. Shi ne ya fi kowa daɗewa da muryarta. Shi ya shigar da ita tsohuwar hanyar waƙar Italiya, wadda ɗalibi ke shafe watanni yana hawa da sauka da murya mataki-mataki a kan wasali ɗaya kafin a ba shi waƙa mai kalmomi, yana koyon jan numfashi ɗaya ya shimfiɗa dogon layi a kai, yana koyon kaɗa murya tsakanin sauti biyu da sauri kamar kukan kanari. Shi ya fara sa mata waƙoƙin Verdi da Donizetti, manyan masu tsara ofera na Italiya, a baki, waɗanda daga baya suka zama abincinta a Landan da Niyok. Kuma shi ne mutum na farko da ya gaya mata, ya kuma gaya wa wasu, cewa wannan murya za ta iya ciyar da mai ita.

A nan ne ra'ayin malamin da na uban suka rabu. David Mitchell ya biya kuɗin kowane darasi da zuciya ɗaya, domin a ganinsa kiɗa ado ne ga 'yar gidan mutunci. Amma ta hau dandamali a biya ta kuɗi, wannan bai yarda da shi ba. Ban ga baƙon abu a nan ba, don na sha zama da mawaƙan da iyayensu suka yi shekaru ba sa amsa gaisuwarsu saboda sun ɗauki sana'ar da ba gadonsu ba. Ba na kuma ganin uban a matsayin azzalumi. Ya ba ta duk kayan aikin, ya hana ta aikin, kuma cikin wannan matsi ne taurin kanta ya ƙanƙare.

Sai rayuwa ta juya. Mahaifiyarta ta rasu a 1881, ƙanwarta ƙarama ta bi bayanta cikin 'yan watanni. Uban ya ɗauke ta zuwa Mackay a arewacin Kwinslan, ƙasar rake, inda yake da aikin gina masana'antar sukari. A can ta haɗu da Charles Armstrong, aka ɗaura musu aure a Birisben ranar 22 ga Disamban 1882, ta haifi ɗanta George a Oktoban 1883. Zaman bai yi daɗi ba. Gidan kwano ne a tsakiyar gonaki, damina mai tsawo, laima har ta lalata fiyanonta. Ban je Mackay ba, nisanta daga Melbon ya haura kilomita 2,000, amma abin da ya shafi labarina shi ne wanda ta riƙa rubuta wa wasiƙa daga can tana neman shawara kan komawa waƙa: Cecchi ne. A Janairun 1884 ta ɗauki jaririnta ta dawo Melbon, ta koma ɗakin darasinsa.

Kwana na uku na tsaya gaban babban zauren taron birnin, a mahaɗar titin Swanston da Collins, inda tiram ke wucewa kusan kowane minti. Gobara ta cinye ainihin ɗakin taron a 1925 aka sake gina shi, amma wurin bai canja ba. A nan, ranar 17 ga Mayun 1884, kwana biyu kafin ta cika shekara 23, ta fito a karon farko a matsayin mawaƙiyar sana'a, da sunan matar Armstrong, a wani taron tallafi da ƙungiyar mawaƙan Jamusawa ta shirya. Ta rera wata waƙa mai wuya daga wasan Verdi, jaridun gari suka yaba ƙwarai. A daren ne ta haɗu da John Lemmone, mai busa sarewa, wanda ya zama abokin aikinta kuma amininta har mutuwa. Bayan haka ta yi shekara biyu tana waƙa a garuruwan Biktoriya da Sidni, ta kuma karɓi aikin jagorar mawaƙa mata a Cocin Saint Francis da ke titin Lonsdale, cocin Katolika mafi tsufa a jihar. Na leƙa can ma. 'Yar Firesbiteriya a cikin mawaƙan Katolika, tana rera addu'o'in Latin kowace Lahadi, wannan ma wata makaranta ce, domin a nan ta saba da jerin wasulan Latin da tsayuwa gaban jama'a mako bayan mako.

An naɗa mahaifinta wakilin Biktoriya a wani bajekolin ƙasashen daular a Landan, a Maris na 1886 ta bi shi. Gab da tafiyar ne ita da Cecchi suka ɓata. Ya nemi ta biya shi kuɗin darussan da ya yi mata, ita kuma ta ɗauka ba haka suka yi da shi ba, aka yi ta ja har ta biya cikin fushi. Daga ranar ta shafe shi daga tarihinta. Da ta yi suna, in an tambaye ta wa ya koya mata, Marchesi kawai take ambata, kuma a littafin tarihin rayuwarta da ya fito a 1925 ba ta ba shi matsayin da ya kamata ba. Ya rasu a Melbon a 1897, lokacin da sunan ɗalibarsa ya cika duniya.

Wannan ɓangare ya dame ni, kuma har yanzu yana damuna. Mai yiwuwa malamin ya yi kuskure wajen lokacin da ya zaɓa da yadda ya nemi haƙƙinsa. Amma saɓanin kuɗi abu ne na rana ɗaya, shekara shida na gyaran murya kuwa suna cikin kowane sauti da ta fitar har ta mutu. Ina ƙaunar muryar matar nan, ina girmama ƙarfin halinta, amma a nan ba ta kyauta ba.

Ba ina rage wa Marchesi daraja ba ne. A Landan ba wanda ya damu da baƙuwar. Arthur Sullivan, shahararren mai tsara kiɗa na Ingila, ya saurare ta ya ce ta ƙara karatu, wataƙila bayan shekara ya ba ta ƙaramin matsayi a wasansa. Marchesi ce ta ji ta sau ɗaya ta gane abin da ke gabanta, har aka ruwaito cewa ta fita da gudu ta kira mijinta Salvatore ta ce masa ta sami tauraruwa. Ta gyara mata muryar sama yadda ba za ta riƙa tura ta da ƙarfi ba, ta koya mata Faransanci na dandamali da tsayuwa da tafiya, ta haɗa ta da manyan masu tsara kiɗa irin su Gounod, ta buɗe mata ƙofofin da Cecchi ba shi da mabuɗinsu. A wurinta ne kuma aka yanke shawarar sabon suna, Melba, gutsuren sunan garinsu. Amma malama ba ta ihun ta sami tauraruwa a kan ɗanyen icce. Abin da ya sa ta gudu shi ne aikin da Isabella Mitchell da Madam Christian da Pietro Cecchi suka riga suka yi.

Rana ta ƙarshe, Asabar, ni da yaron muka hau jirgin ƙasa daga tashar titin Flinders zuwa Lilydale, tafiyar kamar sa'a guda zuwa bakin kwarin Yarra, ƙasar mutanen Wurundjeri tun kafin zuwan Turawa. David Mitchell yana da gonaki a wannan yanki, da mahaƙar dutsen farar ƙasa a Cave Hill wadda ta yi aiki fiye da shekara ɗari, kuma a nan 'ya'yansa ke yin hutu. Melba ta ce wannan wuri ne ta fi so a duniya. Da muka fita daga gari muka ga tuddai masu shuɗi daga nesa, da gonakin inabi, da dogayen itatuwan turare, na ji kukan tsuntsun da suke kira magfai, mai sauti kamar ana zuba ruwa daga tulu cikin sarewa. Yarinyar da ke yawo a kan doki a nan tana fito, ba ta rasa abokan gasa ba.

A gidan tarihin yankin da ke Lilydale akwai kayanta da hotunanta da takardun shirye-shiryen wasanninta. Daga nan muka ɗauki mota zuwa Coldstream, 'yan kilomitoci kaɗan, inda gidanta Coombe yake a bayan wani dogon shingen itatuwa, gidan da ta saya a 1909 bayan ta gama cin duniya. A shekarun da ta zauna a nan takan shiga Melbon ta koyar da 'yan mata waƙa a wata makarantar kiɗa, kuma makarantar a titin Albert take, titin da ita ma ta fara koyo. Ta rubuta littafin koyar da murya a 1926, shekarar da ta yi bankwana da gidan ofera na Covent Garden da ke Landan tana da shekara 65, muryar tana nan da tsabtarta bayan shekara 38 da fara waƙa a wurin. Ta rasu a Sidni ranar 23 ga Fabrairun 1931, aka kawo gawarta ta jirgin ƙasa, jama'a na tsaye a tashoshi.

Kabarinta yana maƙabartar Lilydale, a kan ɗan tudu, kusa da na mahaifinta. A jikin dutsen an rubuta kalmomin Italiyanci kaɗan daga wani wasan ofera na Puccini, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, da ta shahara da shi, ma'anarsu sai wata rana, ba tare da riƙo a zuci ba. Na karanta su sau biyu, yaron ya tambaye ni abin da nake tunani, na ce masa wani Ba'italiye ne ya faɗo mini a rai.

A jirgin dawowa ya nemo mini a wayarsa faifan da aka ɗauka a daren bankwanan nan na 1926, ya sa mini abin ji a kunne. Sautin yana da ƙura irin ta tsohon garmaho, amma muryar tana ratsowa siririya, madaidaiciya, kowane sauti yana sauka inda aka nufa da shi. Na rufe ido ina neman inda take jan numfashi, da ƙyar nake kama shi. Muna cikin haka jirgin ya rage gudu, na ɗaga kai na ga allon tashar Burnley, na ce wa yaron ya mayar mini da waƙar daga farko.